Da an yi wa ƙanena wannan allurar, da ya rayu? Tambaya ga ma'aikatan asibiti

Malamin Unguwar Dosa:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai wani abu ne ya tsaya mini a rai na kasa haɗiyewa.

Ni malamin firamare ne, lissafi nake koyarwa, ban san komai ba a harkar asibiti. A hunturun da ya wuce ƙanena da muke ciki ɗaya ya rasu. Shekararsa 26, walda yake yi a Kawo. Ya je Mararrabar Jos karɓo kuɗin wata ƙofa da ya haɗa wa wani, yana dawowa a babur bayan Magariba mota ta kwashe shi kafin ya shigo Rigachikun. Cinyar dama ce ta karye, ƙashi ya fasa fata ya leƙo. Kansa lafiya lau, yana magana, shi da bakinsa ya karanto lambata aka kira ni.

Na isa wurin bayan kamar minti arba'in. Na tarar da taro an yi masa zobe, wasu na haska shi da fitilar waya, wasu na ɗaukar hoto. Wata baiwar Allah ta yafa masa ɗankwalinta a kan ciwon, yafawa kawai, ba wanda ya danna. An kwarara masa ruwan leda a ka da ƙirji wai kada ya suma, ga iskar hunturu na kaɗawa, sai rawar ɗari yake. Ni ma da na zo ban yi abin da ya wuce riƙe hannunsa ina masa addu'a ba. Muka ɗora shi a keke. Asibitin farko suka ce likita ya tashi. Na biyu suka karɓe shi wajen ƙarfe tara, suka sa masa ruwa leda bayan leda, suka ce mu nemo jini. Da abin ya fi ƙarfinsu suka tura mu babban asibiti, sha ɗaya ta wuce muka isa. Kafin kiran sallar Asuba ya cika.

Na yarda kwanansa ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma makon jiya wani abokin aikina ya ce mini akwai wata allura mai arha, tiranekzamik asid, wadda bincike ya nuna tana ceton wanda jini ke zuba daga jikinsa. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Shin gaskiya ne? Da an yi masa, da ya rayu? Kuma ko in saya in ajiye a gida da cikin jakata? Don Allah wanda ya sani ya gaya mini gaskiya, ba lallashi nake nema ba.

Sistar Ɗakin Gaggawa:

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙansa da rahama, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashinsa, musamman mahaifiya. Shekarata sha ɗaya a ɗakin gaggawa a nan Kaduna, irin daren da ka ba da labari na gan shi ba iyaka, don haka ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Allurar gaskiya ce, a takardunmu TXA muke rubutawa. Ba ma sabon magani ba ne. Wasu mata da miji 'yan Japan, Utako da Shosuke Okamoto, su suka samo shi tun 1962, kuma an daɗe ana ba mata masu yawan jinin al'ada. Idan jijiya ta yanke, jini kan yi guda ya toshe bakin wurin. Jiki kuma yana da abin da ke narkar da wannan gudan idan ya gama aikinsa. A mummunan rauni sai narkarwar ta yi gaggawa, guda na haɗuwa ana rushe shi, kamar mai yaɓe da laka ana tafka ruwan sama. Aikin allurar shi ne ta hana rushewar.

Babban binciken da ya fito da ita fili ana kiransa CRASH-2, an buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2010. Mutum 20,211 da suka ji rauni, a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Nijeriya. Rabi aka yi musu allurar, rabi aka yi musu ruwan gishiri, ba likita ba majinyaci ba wanda ya san wanne aka ba wa. A waɗanda ba su samu ba kashi 16 cikin 100 suka rasu, a waɗanda suka samu kashi 14.5. Kai malamin lissafi ne, ka ga ma'anarsa: a cikin mutum 1,000, maimakon 160 su rasu sai 145. Rai 15 ke nan, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga maganin da bai kai kuɗin ledar jini ɗaya ba. Amma ka ga 145 ɗin nan an yi musu allurar kuma sun tafi. Shi ya sa ba ni ba, ba wani likita mai tsoron Allah da zai ce maka tabbas da ya rayu.

Lokaci shi ne kan maganar. Wanda aka yi wa cikin awa ta farko, haɗarin mutuwarsa ta dalilin zubar jini ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bayan awa uku babu amfani, har ma an ga alamar cutarwa. Da aka sake haɗa bayanan mutum sama da 40,000 a 2018 sai aka ga kowane jinkirin minti 15 yana cinye kashi 10 cikin 100 na amfanin. Ƙarfe tara da kuka isa asibiti na biyu lokacin bai ƙure ba tukuna, da an yi da an yi daidai.

Amma Malam, abin da ya fi taɓa ni a labarinka shi ne minti arba'in ɗin farko. Babban mutum jininsa bai wuce kamar lita biyar ba, kuma karayar ƙashin cinya kaɗai na iya zubar da fiye da lita ɗaya a cikin naman, ban da wanda ke fita waje. Babu allurar da ke rufe babbar jijiya da ta yanke. Hannu ke rufe ta. Wannan ɗankwalin da aka yafa, da an dunƙule shi an cusa a bakin ciwon, a gefen ƙashin ba a kansa ba, mutum ya ɗora nauyin jikinsa a kai bai ɗaga ba ko don ya leƙa, da jinin ya ragu sosai. In ya jiƙe a ƙara wani ƙyalle a sama, kada a cire na farko. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta gaza, a sami ƙyalle mai faɗi kamar yatsu uku ko huɗu a ɗaure sama da ciwon, ba a kan gwiwa ba, a sa sanda ko sifana a murɗa har jinin ya tsaya, a duba agogo a riƙe lokacin. Zai yi ihu, a bar shi ya yi.

Ruwan da aka kwarara masa kuwa, don ƙauna aka yi amma ya cuce shi. Jinin da ya yi sanyi ba ya yin guda yadda ya kamata. Mai rauni lulluɓe shi ake yi, ko da babbar rigarka ce.

Kada ka ɗora wa kanka laifi. Ba wanda ya taɓa koya maka wannan, mu da muka sani mu ne ba mu fito mun koyar ba.

Baba Direban Tashar Kawo:

Salamu alaikum. Yarona ne ke rubuta mini, ni ina faɗa. Malam, Allah ya gafarta wa ƙanenka, ɗanmu ne tunda a Kawo yake nema.

Na fi shekara talatin ina jan mota tsakanin Kaduna da Kano. Gawa da masu rauni da na ɗauka da hannuna a wannan hanya Allah kaɗai ya san adadinsu. Sista, 'yata, maganarki ta kashe mini jiki, don mu abin da muka gada a tasha daban ne. Ciwo in yana jini man birki muke zubawa, wani fetur, wani ya debi ƙasa ya shafa. Mutum kuma mu kama shi hannu da ƙafa mu jefa a bayan mota, wuya na lilo. Akwai wani yaron mota da muka ɗauka haka kusa da Jaji, yana motsa ƙafafunsa sanda muka same shi, da muka isa Zariya ba ya jin su. Har yau in na tuna sai in ce ko mu ne.

Abu biyu nake so a warware mini. Mun ji ana cewa in ka ɗaure ƙafa tamau sai an yanke ta, shi ya sa muke sassautawa lokaci-lokaci don jini ya zagaya. Na biyu, a yi gaskiya, abin da ke hana direba tsayawa tsoro ne. Ka kai mutum asibiti a riƙe ka a ce sai ka kawo takardar 'yan sanda ko ka ajiye kuɗi, fasinjojinka na jira a mota. Wannan fa?

Ungozoma daga Tudun Wada:

Malam, Allah ya jiƙan mamaci. Baba, likitoci za su ba ka amsa, ni ta ɓangarenmu zan yi magana, don wannan allurar a ɗakin haihuwa muka fi saninta.

An yi mata bincike na musamman a kan mata masu zubar jini bayan haihuwa, sunansa WOMAN, ya fito a 2017. Mata 20,060 a ƙasashe 21, kuma dubbai daga cikinsu matan Nijeriya ne. Wadda aka yi wa cikin awa uku da haihuwa, mutuwa ta dalilin jini ta sauko daga kashi 1.7 zuwa 1.2 cikin 100. A shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa yi wa duk macen da jini ya ɓalle mata.

Wanda ya fi faranta mini rai shi ne E-MOTIVE na 2023, don namu ne, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Asibitoci 80 a Nijeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, mata sama da 200,000. Abin da suka gane shi ne idonmu yana yaudararmu. Sai ki kalli zani da katifa ki ce jinin bai kai ba, alhali ya wuce rabin lita. Sai aka kawo wata leda mai awo da ake shimfiɗa wa mace a ƙarƙashinta, jinin na taruwa ana ganin lamba. Da ya kai alama, ba a jira a gwada wannan a ga ko ya yi sannan a gwada wancan. Murza mahaifa, allurar da ke matse ta, TXA, ƙarin ruwa, duba inda ya yage, duk a tare. Mummunan sakamako ya sauko daga kashi 4.3 zuwa 1.6 cikin 100.

Ina roƙon maza da ke karantawa: matar da ta haihu a gida in kun ga tana jiƙa zani bayan zani, ko tana cewa jiri, kada a tsaya jiran ruwan wanka ya tafasa ko a ce jinin biƙi ne yana wanke ciki. A fito da ita a lokacin. Awa ukun da Sista ta faɗa mu ma ita ce tamu.

Likita Ɗan Barnawa:

Malam ina maka ta'aziyya. Baba ina gaisuwa, bari in fara da kai.

Maganar ɗauri, a da mu ma an koyar da mu tsoronsa. Abin da ya sauya tunanin likitoci shi ne yaƙin Iraƙi da Afganistan, inda aka ga sojojin da aka ɗaure wa hannu ko ƙafa da wuri suna rayuwa, kuma ɗaurin da bai wuce awa biyu ba da wuya ya jawo asarar ƙafa. Daga nan Amurka ta fara koya wa mutanen gari a 2015. Sassautawar nan da kuke yi ita ce haɗarin, duk sanda ka sassauta gudan da ya fara kamawa ya tafi, jini ya dawo sabo. In ka ɗaure ka bar shi sai asibiti, ka gaya musu ƙarfe nawa ka ɗaure. Igiya da waya ba su yi, suna yanka nama. Kuma wannan na jini mai tsartuwa ne kawai, saran maciji ba a ɗaure shi haka. Man birki, fetur da ƙasa ba sa tsayar da jini, ƙona nama suke su shigar da ƙwayar cuta, har da ta sandarewar haƙora.

Yaron Jaji, Baba, Allah ne masani, mai yiwuwa lakarsa ta riga ta taɓu. Amma daga yau wanda ke kukan wuya ko baya, mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, a mirgina shi gaba ɗaya a kan katako ko ƙofa, a ɗauka a miƙe.

Takardar 'yan sanda kuwa, doka na bayanka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Ta 2017 kuma ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko da kuɗin ajiya ko babu. Na san abin da ke takarda daban, abin da ake yi a bakin ƙofa wani lokaci daban, amma wanda ya san haƙƙinsa ba ya tsayawa kamar wanda bai sani ba. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce, ta gaggawa ta ƙasa 112.

Malam, kada ka sayi allurar ka ajiye. A jijiya ake yinta a hankali, giram ɗaya cikin minti goma, in aka tura da sauri jini na iya faɗuwa. Kuma ba kowane jini take yi wa ba. A 2020 an buga sakamakon gwada ta a kan mutum kusan 12,000 masu aman jini ko bahayar jini, binciken HALT-IT, ba ta rage mutuwa ba, sai ma ta ƙara toshewar jijiyoyi da farfaɗiya. Ana kan gwada yinta a tsoka, in hakan ya tabbata wata rana ma'aikacin ƙaramin asibitin ƙauye zai iya yi ba sai ya nemi jijiya ba. Abin da za ka iya yanzu shi ne in ka kai mai zubar jini asibiti ka faɗi ƙarfe nawa abin ya faru, ka tambaya cikin ladabi ko an yi masa TXA. Ni in aka tambaye ni haka daɗi nake ji.

Akwai kuma maganar ruwa leda bayan leda. Mutanenmu in ba a rataya ruwa ba gani suke ba a yi komai ba, mu ma mun saba. Amma wanda jini ke zuba, ruwa mai yawa na tsinka jinin da ya rage, ya sanyaya jiki, ya kuma tunkuɗe gudan da ya toshe ciwon. Yanzu abin da ake koyarwa shi ne ruwa kaɗan, jini da wuri, tiyata da wuri. Irin wannan darasin muka sha a kan yara a 2011, binciken FEAST a Uganda, Kenya da Tanzaniya, yara 3,141 masu zazzaɓi mai tsanani. Kowa ya ɗauka tura musu ruwa da sauri ceto ne. Sai ga shi waɗanda aka tura wa kusan kashi 10.5 cikin 100 sun rasu cikin kwana biyu, waɗanda ba a tura wa ba kashi 7.3. Dole aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. Ba ina yanke wa waɗanda suka karɓi ƙanenka hukunci ba ne, in ba jini a firji ruwan ne kaɗai a hannunsu. Shi ya sa nake roƙon duk mai lafiya a zauren nan ya je ya ba da jini tun ba a kira shi ba.

Malamin Unguwar Dosa:

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Sista, na karanta amsarki sau uku. Na yi kuka a wurin maganar ɗankwali, don ina tsugune a gefensa hannuwana biyu ba abin da suke yi. Amma gara da kika faɗa. Innarmu ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba.

Likita, na bar maganar sayen allura. Jiya bayan an tashi daga makaranta na sami tsohon zani na yayyage shi, na gwada ɗaurin a cinyata da guntun sandar tsintsiyar share aji. Ashe sai an murɗa da ƙarfi fiye da yadda na zata, kuma sandar na kwancewa in ba a ɗaure ƙarshenta da wani ƙyallen ba. Ban tabbata na yi daidai ba.

Na yi magana da hedimasta, ya ce zai ba mu aji ɗaya ranar Asabar. Abokan marigayi masu walda su tara sun ce za su zo, da 'yan acaɓar bakin layinmu. Baba, in za ka turo mana direbobi da yaran mota ko biyar ne, ƙofa a buɗe take. Sista, ko ke ko wani abokin aikinki zai iya ba mu awa biyu ya nuna mana da hannu? Kuɗin mota a wuyana.

Sistar Ɗakin Gaggawa:

Asabar ɗin nan ina aikin dare, ta sama ina hutu, zan zo da ƙarfe goma in Allah ya yarda. Ka bar kuɗin motarka Malam. A tanadi tsofaffin zannuwa da yawa, sanduna masu kaurin babban yatsa tsawon taki ɗaya, tabarma biyu, da tsohuwar ƙofa ko faffaɗan katako don mu gwada ɗaukar mai ciwon baya. Baba ya ce wa mutanensa kowa ya zo da sifanar motarsa, da ita za su koya tunda ita ce za ta kasance a hannunsu a hanya.